Daminar da Ta Same Ni Kwance a Abijan

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Wagadugu zuwa Abijan shi ya fara nuna mini cewa duniya ba ta san da zamana ba. Kwana biyu muka yi a tasha muna jiransa, ni da Nomau, ɗan wan mahaifina, wanda ya riga ni sanin kurmi da shekara huɗu. Ni kuwa in ka cire kasuwar Buza da ta Madawa, ƙafata ba ta taɓa taka ko'ina ba. Shekarar da hatsi bai yi ba ce. Abin da muka yanka a gonarmu ta gefen Deule bai kai dami goma ba. Na bar shi ga Inna da matata Habsu da 'yarmu mai rarrafe, na bi sahun masu tafiya bida, wato ci-rani.

Da jirgin ya iso, ta taga aka cusa ni. Na wuni a tsaye, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya bisa buhun wani. Can wata mata 'yar Mosi ta janye kwandon kajinta, ta nuna mini gefen benci, ta ɓallo mini dafaffiyar doya. Ban san yadda ake godiya da harshenta ba, na yi da nawa, ta gyaɗa kai. A kan iyaka jandarmomi suka sauke mu, mu 'yan Nijar, suka jera mu a rana. Ɗayansu ya kwance ƙunshina, ya ɗauki bargona ya yafa a kafaɗa, ya yi mini nuni da in wuce. Na buɗe baki ke nan Nomau ya taka mini ƙafa.

"Yi kurum, Asumana. Nan ba a tambayar dalili."

Daga nan itatuwa suka fara cinye sama. A ƙasarmu ta Adar in ka hau dutse kana hango garin da za ka kwana. A nan ko taku ashirin ido ba ya wucewa.

Ɗakin da Nomau ya kai ni a unguwar Fotbuwe ta Abijan na katako ne, mu goma sha ɗaya a ciki, duk Adarawa. Kwana uku da zuwana ya haɗa ni da wani Alhaji mutumin Keita mai teburan gasa nama. A gida da wani ya ce in riƙe wuƙar fawa da mun yi faɗa, don gidanmu manoma ne tun kakanni, amma kurmi ba ta tambayar asali. Da safe in je mayanka in ɗauko nama, in wanke kayan ciki, da la'asar in hura gawayi. Teburina yana ƙofar wani gidan giya, don mashaya su ne masu cin nama. Ban taɓa tsallaka ƙofar ba, ko ruwa nake so sai in tafi famfon masallaci. Cikin wata uku na aika gida sau biyu, na sayi tsohuwar rediyo da turmin atamfa ɗaya na ajiye wa Habsu. Na fara ganin kamar bida ba ta kai yadda ake faɗi wuya ba.

Wata safiya na karya da guntun kitsen da ya kwana, na ɗauki daro zan tafi mayanka. Ban kai bakin titi ba na ji kamar an soke ni da mashi a ƙahon zuciya, ya fito ta baya. Na durƙusa ina amai, har abin da ke fita ya koma kore. Kwanciya ta gagara, zama ya gagara, sai in na dunƙule kamar bushiya nake samun numfashi. Nomau ya tare taksi ya kai ni babban asibiti. Kwana huɗu suna ɗura mini ruwa ta jijiya, cikina yana ta kumbura kamar salka, a na biyar suka ce sai an yi fiɗa.

Da na farfaɗo, abin da na fara gani shi ne tiyo. Ɗaya a hanci, biyu sun fito ta gefen cikina suna zuba cikin kwalabe a ƙarƙashin gado, wani siriri kuma a hagu an ɗaure bakinsa. Babban lokotoron da ya yi aikin, wani dogo mai furfura a gefen kai, ya zo da takarda ya zana mini tumbi, ya zana wata doguwar tsoka kwance a bayansa, ya ce sunanta pankireyas. Nomau ne ke fassara, don ya fi ni jin faransanci nesa ba kusa ba. Na ƙura wa zanen ido na ce na san ta. Wata farar tsoka ce mai laushi da ke manne da hanjin rago, ba mai sayenta, kyanwa muke jefa wa. Lokotoro ya yi dariya, ya ce to wannan abin da nake jefa wa kyanwa shi ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci. Tawa ta kumbura, ruwanta ya ɓalle ya shiga cin naman jikina, ya kwashe wanda ya mutu, saura sai abin da Allah ya yi.

Sannan ya yi wata tambaya, na ga Nomau ya ɗago ya dube ni.

"Wai kana shan giya?"

"Ni? Nomau, kai ma ka sani."

"Ni dai tambayar da yay yi ta nika hwaɗa maka."

Na rantse da Allah, lokotoro ya rubuta wani abu, ya wuce gado na gaba. Na ɗauka magana ta ƙare a nan.

Kwana goma sha biyu bayan aikin zazzaɓi ya rufe ni. Ɗinkin ya buɗe ta ƙasa, wani ruwa fari tas kamar na rijiya ya fara tsattsafowa. Ganinsa ba ya ba da tsoro, amma duk inda ya taɓa fata sai ta saluɓe kamar an zuba tafasasshen mai. Lokotoro ya ce ruwan tsokar nan ne ya samu hanya yana fitowa waje. Aka tura ni wani ɗaki mai sanyi, aka shafa mini wani abu mai yauƙi a ciki, suna goga wani ƙarfe suna kallon akwati mai kama da talabijin. A nan suka hango ƙullin mugunya a ƙarƙashin haƙarƙarina na hagu. Na ɗauka za a sake kwantar da ni a yanka. Sai na ga lokotoro ya kashe wurin da allura, ya soka wata doguwa yana kallon akwatin, ya zura siririn tiyo ta cikinta. Abin da ya fito ya cika kwano, warinsa ya kori wata ɗalibar likita daga ɗakin. Kafin la'asar zazzaɓin ya sauka.

Daga ranar rayuwata ta koma abu huɗu. Pikir, wato allura, safe da yamma. Ruwan gishiri da ake turawa ta tiyo ɗaya ya wanko ciki ya fito ta ɗayan. Kwalbar da ake aunawa kowace safiya a ga yawan ruwan da ya zuba. Da dokar da ta fi su duka nauyi: kada kome ya bi ta bakina, ko da kurɓin ruwa ne, don da abinci ya sauka tumbi tsokar za ta farka ta ƙara zuba. Da fari sarom, ruwan da ake ɗurawa ta jijiya, shi kaɗai ke riƙe da ni. Daga baya suka kwance siririn tiyon nan na hagu, wanda ashe cikin hanji yake, suna ɗura mini wani farin kunu da sirinji. Cikina ya cika, amma bakina bai san an ci ba.

Mai kula da ɗakinmu wata mata ce, Madam Odet, Kirista, gajera mai faɗa. Ita ke wanke mini ciwon, ta shafe fatar da wani farin man shafawa mai kauri don kada ruwan ya ci ta. Ba ta jin hausa, ni kuma faransancina na ciniki ne, sai mu haɗa da ɗan julanci, yaren kasuwar can, da hannu. Ta ga ina miƙa hannu ina dafa bango in za ni salla, tiyo yana jan fatata. Ran Litinin ta zo da wani sumul ɗin dutse daga bakin teku ta ajiye mini a gefen matashi, don in riƙa taimama ba sai na motsa ba.

A gadon da ke damana akwai wani tsoho ɗan Mali, Baba Sidiki, wanda ciwon sukari ya sa aka yanke wa ƙafa. Rana ta uku da kawo shi ya ji ina nishi ina kiran Inna, sai na ji an ce, "Kai, ɗan Adar, sannu." Na yi zaton zazzaɓi ne ke yi mini gizo. Ashe ya yi soja a Tawa zamanin Nasara, ya tsinci hausar bariki, karyayya amma mai daɗin ji. Shi ya zama bakina da kunnena.

'Yan ɗakinmu na Fotbuwe sun zo gaishe ni a makon farko, su biyar, su shida. Daga baya suka koma biyu, sannan Nomau kaɗai, shi ma sai ran Juma'a, ya tsaya daga ƙafar gado kamar mai jiran mota. Na ɗauka wari ne ke korarsu, don ni kaina ina jin warin jikina. Wata Juma'a na tambaye shi ina Malam Idi, limamin ɗakinmu, da ko sau ɗaya bai leƙo ba. Ya sosa ƙeya.

"Mutane na ta magana."

"Maganar mi?"

"An ce ciwon ga na mashaya na. Kuma kowa ya san inda teburinka yake."

"Wa yac ce?"

Ya kau da kai wajen ƙofa. Mu biyu ne kaɗai Adarawa a wurin ranar da lokotoro ya yi tambayar.

Da ya tafi na gaya wa Baba Sidiki, shi kuma ya tambayi Madam Odet. Ta riƙe ƙugu ta yi ta faɗa, tsoho yana fassara. Ta ce ciwon uwa biyu gare shi, giya da tsakuwa, kuma kowa aka kawo sai an yi masa wannan tambaya. Nawa na tsakuwa ne. An cire mini matsarmama cike da su, ƙanana kamar ƙwayar dawa, ɗaya ce ta gangara ta toshe hanya. Na ce ina tsakuwar, in nuna wa mutanenmu? Ta ce an zubar tun ranar.

Lokacin da ya fi mini wuya a yini shi ne azahar, sa'ar da ake buɗe wa masu ziyara ƙofa. Mata su shigo da kwanoni a ka, ɗaki ya cika da ƙamshin miya da kifi da surutun yara. Kowane gado da mutanensa. Ni sai in juya fuska bango, in sa jiƙaƙƙen ƙyallen da aka yarda in goga a leɓe, in rufe ido. Ba nama nake gani ba, ba shinkafa ba. Hura nake gani a ƙwarya, da nonon Fulanin da ke sauka bayan garinmu, da ludayin Inna mai tsaga a baki.

Zafi ya yi zafi, na san a gida an fara sharar gona. Ina lissafin watanni da yatsu: yanzu ana ƙone kara, yanzu ana kai taki, yanzu ana duban gabas. Kwalbata kuwa kullum rabi, wata rana ta ɗan sauka, wata rana ta koma. Na ga ana shiga da mutane ɗakin fiɗa, bayan kwana goma su tafi gida da ƙafarsu. Sai na ce wa Baba Sidiki yau sai ya faɗa wa lokotoro maganata, kada ya rage kome.

"Baba, ka ce ya mai da ni ya ɗinke ramin nan. Ya yanka ni sau ɗaya ban mutu ba. Ni kaɗai ne namiji a gidanmu, in ruwa ya sauka ba mai riƙe kalmen noma. In na mutu a hannunsa na yafe."

Lokotoro ya saurara har tsoho ya gama. Ya jawo kujera ya zauna, abin da ban taɓa ganin ya yi a ɗakin ba.

"Kai mai nama ne," in ji shi ta bakin Baba Sidiki. "Naman da ya kwana uku a rana, ya yi laushi, in ka soka masa tsinke yana riƙewa?"

Na ce ba ya riƙewa.

"To haka cikinka yake yanzu. Hanji ya manne da hanji, kome ya yi taushi. In na sa wuƙa, rami ɗaya zai zama biyar, zare kuma ba zai kama ba. Yanka ba ya mini wuya, shi ne sana'ata. Na yi wa wasu irin abin da kake roƙo, don sun matsa ko don ni na ƙosa, kuma na san inda suke kwance. Ramin nan da kansa zai rufe, in mun bar masa hanyar zuba, mun hana shi mugunya, mun ciyar da kai ta ƙasa."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Wata biyu, wata huɗu."

Na juya masa baya. Ya ɗan zauna, sannan na ji ƙarar kujera.

Mako biyu bayan haka Nomau ya zo da kayana a buhu, rediyo da atamfa da tufafina, ya tura su ƙarƙashin gado. Ya ce jibi za su hau jirgi, duk ɗakin, an saki hayar.

"Mi za ni ce ma Inna?"

"Ka ce ina nan tahe. Ka ce tsakuwa ce, Nomau. Tsakuwa."

"To," ya ce, idonsa a kan kwalbar. Na miƙa masa atamfar ya kai wa Habsu, sai na fasa, na ce da hannuna zan ba ta. Ya yi mini Allah ya sawwaƙe ya fita. Na bi bayansa da ido ta taga har ya shige cikin masu sayar da lemo a bakin ƙofa.

Akwai wani mai farar riga da ke yawan ratsa ɗakinmu da takardu a hammata, yana gaisawa da kowa. Kwana kaɗan da tafiyar su Nomau, sai mutumin nan ya tsaya a kaina lokacin da aka tura Baba Sidiki wurin wankin ƙafarsa. Da julanci ya yi mini magana, a hankali, yadda zan gane. Ya ce ya ji labarina, tsohon lokotoron nan tsoro ne da shi, amma akwai wani Bature a wata kilinik da ke rufe irin wannan rami cikin awa ɗaya. Zai shirya a zo a ɗauke ni ran Alhamis, sai dai a ɗan sa wa mai mota da mai rubuta suna wani abu a hannu. Na ce ba ni da kome. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin gado. Ni da kaina na ce ya ɗauka, rediyon da atamfar duka.

Ran Alhamis tun da safe na sa aka goge mini jiki, na zauna ina kallon ƙofa. Har aka rufe ziyara. Da na gaya wa Madam Odet, sai ta ɗora hannu biyu a ka. Mutumin ba ma'aikaci ba ne, farar rigar ma ba a san inda ya samo ta ba, kuma ba a sake ganinsa ba.

Washegari da azahar na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Mai gadon hagu ya bar guntun burodi da kifin gwangwani a kan akwatinsa, ya fita rakiyar baƙi. Na miƙa hannu na ɗauka, na tura a baki, na haɗiye ko taunawa ban yi sosai ba. Ban taɓa sata ba sai ranar. Kafin magariba ciwon farko ya dawo kamar yana laɓe a bayan ƙofa. Kwalba ta cika ta tumbatsa, aka sa wata, zazzaɓi ya kwana uku a kaina. Lokotoro ya zo ya ɗaga kwalbar ya duba, ya dube ni. Na jira faɗa. Abin da ya ce kawai, mun koma baya da wata guda.

Baba Sidiki ne ya yi mini faɗan. "Ɗan Adar, ni an yanke ƙafa, ba ta tsirowa. Kai an ce ka kwanta kawai naka ya tsiro, ka kasa? Wane irin manomi ne kai, mai tone shuka ya ga ko ta fito?"

Azumi ya kama a bakin damina. Masu iya yi suna yi, ni da na yi wata uku ba a ba ni kome ta baki ba ban san ko ina cikin masu azumi ko marasa shi ba. Ana saura kwana shida salla, da hantsi, Baba Sidiki yana ba ni labarin wani raƙumin kwamanda da ya gudu da shi a kasuwar Tawa, sai ya ce kansa na juyawa, bari ya ɗan kishingiɗa. Bai ƙarasa labarin ba, nan rai ya yi halinsa. 'Ya'yansa mata suka zo suka naɗe tabarmarsa, suka ɗauki butarsa. Babbar ta dawo daga ƙofa ta ajiye mini maficinsa a kan ƙirji.

Daga ranar na yi wata biyu da kwanaki ban ji kalmar hausa daga bakin kowa ba. Ruwan Abijan ya sauka, ba irin namu ba, ruwa ne da ke wuni yana zuba kamar an huda sama, kuma ba ya tashin ƙamshin ƙasa. Ina kwance ina kallonsa yana bin gilashin taga yana gangarawa kwata, ina cewa da za a ba mu na yini ɗaya a Deule. Wani lokaci in tsinci kaina ina yi wa kwalba magana, ina tambayarta yau nawa za ta ba ni. Ran salla ba wanda ya ce mini barka. Na ɗora hannu a kan dutsen Madam Odet na yi taimama, na yi kabbarori ni kaɗai a kwance.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Madam Odet ce ta fara manna farin filasta a jikin kwalbar tana ja masa layi kowace safiya, ta ɗaga mini in gani. Layin yau a ƙarƙashin na jiya, da kaurin farce. Wani mako ya tsaya cik, in ƙi kallonta, ta buga mini kwalbar a gefen gado sai na duba. Rabin kwalba ya koma kofin shayi, kofi ya koma cokali uku. Aka cire tiyon mugunya. Babban tiyon kuma, lokotoro ya riƙa jawo shi waje da faɗin yatsa ɗaya duk bayan kwana uku, don ramin ya riƙa cikowa daga ciki yana biyo shi. Wata safiya ya ja sai ga shi duka a hannunsa. Ya rufe wurin da ƙyalle. Kwana biyu ƙyallen yana jiƙewa, a na uku aka ɗaga shi a bushe.

Cokali ɗaya na ruwa aka fara ba ni. Na riƙe shi a baki na ƙi haɗiyewa, Madam Odet tana dariya tana share ido da gefen riga. Sai ruwan shinkafa, sai kunu marar mai. Lokotoro ya ce in manta da kitse har abada, in riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada in ɗauki kaya mai nauyi sai shekara ta zagayo. Ranar sallama na riƙe hannunsa da hannu biyu, na rasa faransancin da zan yi, na ce masa da hausa Allah ya saka, ya ji ƙan mahaifa. Ya amsa da nasa harshen. Ina jin mun fahimci juna.

Alhajin Keita, wanda ban sa ran ya tuna da ni ba, shi ya yanka mini tikitin jirgi, ya haɗa ni da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Madawa daga Wagadugu. Daga can na samu wata mota na sauka Buza ran kasuwa, na ratsa ta tsakiyar mutanen da suka san ni tun ina yaro, ba wanda ya gane ni. Wandona da igiya na ɗaure shi. Na kama hanyar gida a ƙasa, ina tafiya ina hutawa a gindin kalgo.

Gonarmu tana kan hanya kafin a shiga gari. Rabinta ciyawa ta cinye, rabin kuwa hatsi ne tsaye, kai ya yi nauyi. Wani mutum yana ciki yana yanka. Da ya ɗago sai na ga Nomau. Ya saki wuƙar, ya daɗe yana kallona.

"Ashe kana da sauran kwana."

"Ashe."

"Mata sunka shibka. Ni da yara munka yi noman hwari da maimai, iyakar inda munka iya." Ya duƙa ya ɗauki wuƙarsa yana goge ta a riga. "Habsu ta yi rani tana ɗaukar duwatsu wurin aikin tare ruwa da gyaran ƙasa, can wajen Keita, ana ba su abinci. Ubanta ya zo ɗaukarta sau biyu, ta ƙiya."

"Don mi zai ɗauke ta?"

Ya dubi ƙasa. Na gane maganar ta riga ni isowa gida. Na dubi damman da ya ɗaure a gonata, na dubi bayan wuyansa da rana ta ƙone, na rasa wanne zan fara faɗi. Na ce masa sannu da aiki, na wuce.

Habsu tana daka na yi sallama. Ta tsaya da taɓarya a sama, sannan ta ajiye ta a hankali, ta shige ɗaki, na jiyo kukanta. 'Yarmu, wadda yanzu take gudu da ƙafarta, ta ɓuya bayan turmi tana leƙena. Inna tana gindin rumbu tana ɓarar wake. Idonta ya yi rauni a shekarar, sai da na durƙusa gabanta na yi magana ta san ni ne.

Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce in ɗaga riga. Ta bi tabon da yatsa tun daga ƙahon zuciya har ƙasan cibiya, ta lalubo ramukan tiyo ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan babban, wanda ya lotsa kamar an danna yatsa a cikin tuwo.

"An ce muna giya ta."

"Inna, wallahi tallahi ban taɓa..."

Ta sa tafin hannunta ta rufe mini baki. Yana warin ɓawon wake.

"Ban tambaye ka ba. Tun da ruwa ya sauka har anka hwara yankan hatsi, duk ran kasuwar Buza sai na sa an kai ni bakin hanya na zamna har rana ta hwaɗi. Da mashayi anka sauke min daga mota, da na amshe shi."

Ta sauke mini rigar, ta gyara ta a kafaɗata, sannan ta ɗaga murya wajen ɗaki.

"Habsu, bar kukan ga hakanan. Hito ki tambaye shi abin da cikinai ka ɗauka."